Tsoro Sanye da Rigar Addu'a

Zuwa gare ki, sanyin idaniyata, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, yayyafin farko a kan busasshiyar zuciyata, gwanar allura da zare, mai taurin kan da ban taɓa ganin irinsa ba a ƙarƙashin sama!

Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya tabbata a gare ki. Na yi rubutun nan da manyan baƙaƙe, irin waɗanda nake yi wa ƙananan ɗalibaina a allo, domin ki karanta da kanki, kada Yayarki ta karanta miki ta rage masa zafi. Kin ga inda muka kai? Ke da kike zura zare a allura kina hira kina dariya, yau sai an zana miki harafi kamar ƙofar shago!

Raina a ɓace yake, masoyiya, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar da likita ya sa don cire yanar da ta rufe miki ido, na roƙi wani malami ya riƙe mini aji, na je na zauna a bencin asibiti ina kallon ƙofa. Duk inuwar da ta gifta sai zuciyata ta ce ke ce. Aka kira ki, aka sake kira, har ma'aikaciyar jinya ta dube ni ta ce, "Malam, ko kai za mu yi wa ne, kada kayan aiki su huce?" Na biyo ki shago, na tarar da ke a bayan keken ɗinki kina laluben bakin yadi da yatsa. Ko ɗagowa ba ki yi ba, kika ce, "Na shiga azumi. Ina jiran Ubangiji."

Jiran Ubangiji! Haba furen zuciyata, wa kike jira ya zo bayan ya riga ya aiko? Wa ya ba likitan nan hannu marar rawa? Wa ya ba shi basirar da ya leƙa cikin idonki ya ce har yanzu da sauran dama, amma damar tana raguwa? Kin roƙi ruwa, hadari ya haɗu, an fara zubowa, sai kika kife tulunki kika koma ɗaki kina roƙon ruwa!

Ni ma na yi azumin nan tare da ke, kin sani. Ban raina addu'a ba, ita ce numfashina. Amma ke tela ce, kin fi kowa sanin cewa riga ba ta canza wanda ya sa ta. Tsoro ne ya zo miki tsirara, kika ji kunyarsa, kika ɗinka masa rigar addu'a, kika zaunar da shi a kujerar gaba a coci. Ɗinkin ya yi kyau ƙwarai, har dattawa suna yaba bangaskiyarki. Ni dai na ga ƙafafunsa a ƙasan rigar.

Na ga ƙafafun nan ranar Lahadi. Kina tsaye cikin mawaƙa, muryarki kamar ruwan ƙorama a kan duwatsu, littafin waƙa a buɗe a hannunki, amma ba a shafin da ake rerawa ba. Da ka kike yi, kina juya takarda don kada a gane. Jama'a suna ta murna, ni kuwa hawaye ne ya hana ni bin baitin. Har yaushe, tauraruwata? Sai ranar da za ki wuce ni a hanya ki gaishe ni gaisuwar baƙo?

Kin tuna farkon haɗuwarmu? Ƙusar allo ta yaga mini hannun riga, na shigo shagonki a guje, alli har a girata, ga taron iyayen yara yana jirana. Kika ce babu lokacin tuɓewa, a jikina za ki ɗinke. Kika kama hannuna kika ce, "Tsaya cak, Malam, allura ba ta san mai ilimi ba." Na tsaya. Ban san ki ba, ban san sunanki ba, tsinin ƙarfe yana kai da komowa dab da fatata, amma na bar miki hannun. Tun ranar ban karɓe shi ba. To ni da na amince wa baƙuwa da allura, yaya ke za ki kasa amince wa Wanda ya ƙera idon da kansa?

Na san tushen abin, ba na mantawa. Ƙofar ɗakin tiyata ce ta rufe a bayan mahaifiyarki, ba ta dawo miki da ita ba, ke kuwa kina waje riƙe da gyalenta. Wannan ciwo ba na wasa da shi, kuma ba zan ce miki ki daina jin tsoro ba, don ni ma ina jin sa. Ubangijinmu kansa ya yi gumi a lambu a daren da aka kama shi, ya durƙusa, ya roƙa, sa'an nan ya miƙe ya tafi. Makahon da ya shafa wa laka a ido ma bai warke a zaune ba, sai da ya tashi ya nufi ruwa, yana lalube, bai ga komai ba tukuna. Abin da nake koya wa yara ke nan a makarantar Lahadi, suna tafa mini, amma wadda nake so duk duniya ta ce, "Ajiye wa'azinka, Malam, ni ba 'yar ajinka ba ce." Wayyo, ina amfanin harshen da ya shawo kan aji guda ya kasa shawo kan zuciya ɗaya?

Sai kuma maganar da kika jefe ni da ita, wai idan mai ido nake nema, hanya a buɗe take. Kada ki sake. Idan an yi aikin bai yi ba, zan zama idonki, in karanta miki, in faɗa miki launin kowane yadi da na kowace yamma, ba tare da gajiya ba. Duhun da Allah ya ƙaddara, zan shiga cikinsa tare da ke da waƙa. Amma duhun da tsoro ya zaɓa miki, ba zan tsaya ina kallo in ce amin ba.

Na koma wurin likita, na sha kunya, na roƙa, ya ba mu safiyar Talata mai zuwa. Zan zo ƙofar gidanku. Ba sai kin yi ƙarfin hali ba, ba sai kin share hawaye ba. Ki fito da rawar jikin, ki fito da kukan, ki riƙe hannuna mu yi addu'ar muna tafe. Ƙofa kawai za ki buɗe, ƙaunatacciyata, don ita kaɗai ce ba zan iya buɗe miki daga waje ba.

Naki ke kaɗai, ko kin gan ni ko muryata kawai kika ji, har ranar da Ubangiji zai kira ɗayanmu gida,

Malaminki