Tutar Ranar Alhamis

Shiomanai, Lahadi da yamma

Zuwa ga Maman Sayuri,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki da sauƙi. Yaya jikin? Ciwon cikin yana barinki ki yi barci kuwa? Abincin asibitin fa, har yanzu ba gishiri? Ki gaishe min da Sayuri da mijinta, ki ce na gode da ɗawainiyar da suke yi da ke a can Sapporo. Ni lafiyata ƙalau. Ina cin abinci, kuma ban ƙona gidan ba tukuna.

Kin ce in daina kiranki a waya, tunda sai kin ja jiki har ƙarshen baranda kafin ki ɗauka, kuma ba abin da nake faɗa miki sai yanayin sama. Kin ce in rubuto wasiƙa ko zan sami abin cewa. To, ga wasiƙa.

Ɗazu rediyo ya ba da hasashen mako. Litinin hazo. Talata hazo da yayyafi, da iskar gabas. Laraba gizagizai, amma iska za ta juya yamma da la'asar. Alhamis rana tun fitowarta har faɗuwarta, teku a kwance. Juma'a hadari zai taso daga kudu, kuma sun ce in ya zo ba zai ɗaga ba sai ƙarshen wata.

Kin san yadda bana ta zo mana. Tun da aka buɗe cirar kombu, ganyen tekun da garin nan ke rayuwa a kansa, ranakun da na ɗaga farar tutar fita cira ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ga shi can ƙarƙashin ruwa ya yi tsawo ya yi kauri, in ka leƙa daga kwale-kwale kana ganinsa yana rausaya, amma me za a yi da shi ba rana? Wanda aka ciro da asuba dole ya bushe a kan tsakuwa kafin la'asar. Ruwa ya taɓa shi, ya yi fari, an yi wahalar banza. In kuma hadarin Juma'a ya zo da ƙarfin da suke faɗa, zai tumɓuke shi ya watsar. Saboda haka garin nan kaf idonsa a kan Alhamis yake.

'Yan birni masu zuwa wanka ma abin ya shafe su. Suna zaune a ƙofar masauki da rigunan iyo, sun yafa bargo, suna kallon hazo. Jiya wani ya tare ni ya ce, “Baba, wai ina tekun yake?” Na nuna masa da haɓa.

Takardarki ta zo jiya. Na ga likita ya sa aikin tiyatarki ranar Alhamis da safe. Da alama shi ma yana sauraron rediyo. Na kuma ga inda kika rubuta “kada ka zo”, kika ja masa layi biyu a ƙasa.

Ga yadda na lissafa. Motar ƙarshe da za ta kai ni Sapporo kafin aikin tana tashi Laraba bayan azahar. In hasashen ya lalace, ya tabbata Alhamis ruwa ne, sai in ɗaure jar tutar hana fita tun Laraba in shiga mota, ba wanda zai ce uffan. In kuwa rana ce, sai mai tuta ya hau dutse da asuba ya duba da idonsa, kuma ba sai na gaya wa 'yar mai tuta ba cewa a garin nan wanda ya miƙa tutoci ga wani ba ya sake karɓarsu. Mahaifinki sai da idonsa ya daina gani sannan ya ba ni. Mu dai ga abin da sama za ta yi.

Na share filin tsakuwarmu, na cire ciyawar da ta fito ta wajen katanga. Maƙwabciyarmu Goggo Kinu ta ce za ta riƙa yi min shanya a madadinki, sai dai ta ce in sani ba ta da saurinki kuma ba ta da haƙurinki. Na biyun na daɗe da sani.

Ki ci abin da aka ba ki ko da ba daɗi.

Ni ne mijinki,
Genzo

Shiomanai, Talata da rana

Zuwa ga Maman Sayuri,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya kika kwana, yaya ƙarfin jiki? An fara hana ki abinci ne, ko sai gobe? Ki gaishe da matar da ke gadon kusa da ke, wadda Sayuri ta ce tana ba ki dariya. Wannan takardar direban motar kifi zan ba, don ta iso gare ki gobe da safe.

Hasashen bai canja ba. Sau uku na saurara yau, magana ɗaya suke yi. Ni ma abin da nake gani ke nan. Hazon ya fara sirancewa ta sama, ƙarar teku ta koma can bayan dutse, gwiwata ta dama ta daina ciwo. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wannan Alhamis ɗin tun Talata ta nuna kanta.

Zan gaya miki wani abu, kada ki faɗa wa kowa. Duk sa'ad da na kunna rediyon nan, fata nake in ji sun ce ruwa. Mai tuta, a shekarar da gari ke neman rana ruwa a jallo, yana zaune a ɗaki yana roƙon hadari. Kunya nake ji ƙwarai, amma da lokacin labarai ya sake yi sai in sake.

Da safe maza sun taru a rumfar ajiye kwale-kwale suna gyaran ƙugiyoyi. Tokuji, kin san shi da rediyonsa a wuya kamar laya, ya ce, “Yaya Gen, jibi fa ko makaho ya san fara ce. Ka ɗaga ta tun yau mana, mu huta da kallon dutse.” Na ce masa ranar da rediyo ya fara shanya kombu sai in ba shi tutar. Aka yi dariya. Ba wanda ya tambaye ni zancen aikinki, kuma kowa ya sani. Suna tsoron amsar ne.

Goggo Kinu ce kawai ba ta tsoron komai. Ta shigo da dunƙulen shinkafa a faranti, ta dube ni ta ce, “Kai Gen, ka bushe kamar kifin bara. Zauna ka ci.” Ina ci ta ce, “Matarka Mitsue ta ce kada ka je ko?”

Na ce haka kika ce.

“Har da layi a ƙasa?”

Na ce biyu.

Ta ce, “Ai gado ne. Uwarta ma haka ta aiko wa ubanta, shi kuma sarkin biyayya ya zauna. Ranar farar tuta ce, ban taɓa ganin rana irinta ba, gari ya cika rumbuna. Yarinyar nan ita kaɗai ce a gefen gadon uwarta, ko sakandare ba ta shiga ba. Duk takun da ta ji a baranda sai ta ruga ƙofa. Kafin la'asar uwar ta cika. Da aka gama makoki ta fito shanya kamar kowa.” Ta ɗauki farantinta, har ta kai ƙofa ta juyo ta ce, “Kai da kake ganin ruwan da bai zo ba, ka taɓa ganin matarka ta ɗaga kai ta kalli tutar nan?”

Na ce Goggo tsufa ya fara taɓa ki. Ta ce ya taɓa ubana.

Na san mahaifiyarki ta rasu a lokacin cira, amma ba ki taɓa ba ni labarin haka ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Bayan ta fita na zauna ina tunani. Gaskiya ne, kullum sai dai ki tsaya a ƙofar kicin, bayanki ga dutse, ki saurari injinan kwale-kwale. In sun tashi ki ɗaura ɗankwali. Ni na ɗauka sauri ne.

Duk da haka zan zauna, kamar yadda kika ce. Gida arba'in da wani abu ke jiran Alhamis, ke kuma kina da Sayuri da likitoci. Da na sauke tuta zan kira asibitin. Juma'a in ruwa ya sauka zan taho.

Kada ki ji tsoro. An ce likitan ya iya aikinsa.

Naki,
Genzo

Sapporo, Alhamis da la'asar

Zuwa ga Maman Sayuri,

Ina gaishe ki, ko da yake ga ki nan a gabana kina barci, da roba a hanci. Yaya jikin? Ba sai kin amsa ba. Likita ya riga ya amsa, ya ce sun cire abin gaba ɗaya kuma bai yaɗu ba. Sayuri ta yi kuka ta tafi kiran mijinta. Ni na nemi kujera na zauna.

Dalilin wannan takarda shi ne ma'aikaciyar jinya ta ce allurar da suka yi miki da safe tana goge tunani, ba za ki tuna komai na safiyar yau ba. Na san halinki, za ki ce ƙarya nake. Gara in rubuta tun abin yana sabo.

Jiya da hantsi iska ta juya yamma, ta ma riga lokacin da rediyo ya ba ta. Na hau dutse na duba. A shekarun da na yi ina wannan aiki ban taɓa samun tabbaci irin na jiya ba. Na tsaya a gindin sandar tuta ina kallon gidanmu daga sama, da ƙofar kicin. Daga nan na sauko, na naɗe tutocin biyu a ƙyallen mahaifinki, na nufi gidan Tokuji.

Na same shi yana wasa lauje. Ya kalli ƙunshin ya kalle ni, ya ce, “Yaya Gen, aro ne?”

Na ce, “Ka taɓa jin an ari tuta a garin nan?”

Ya goge hannunsa a wando ya fi sau nawa kafin ya karɓa. Ya ce, “In na yi kuskure fa?”

Na ce, “Za su zage ka har kakanninka. Ba ya kisa.”

Ya ce ai rediyo ya ce rana. Na ce ni ma na ce rana, amma ya hau ya duba da idonsa, ya bar rediyon a gida ko sau ɗaya. Ban tsaya sallama da kowa ba. Sai a cikin mota na lura da takalman roba na teku na fito.

Na iso an rufe shiga wurin marasa lafiya, na kwana gidan Sayuri. Da asuba na farka kamar kullum, na leƙa taga, ba abin da ake gani sai bangon maƙwabta. Da gari ya waye na kira gidan Goggo Kinu, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na kira gidan Tokuji, haka. Na kira mai shagon shinkafa, haka. Garin kaf yana kan tsakuwa. Ashe tutar tana hawa ko ba ni. Na ji daɗi, na kuma ji zafi, ban san wanne ya fi ba.

Barandar asibitin nan santsi gare ta, takalman suna ta ƙiiƙ-ƙiiƙ, kowa yana waiwayena. Kafin in kai ɗakinku na ga an turo ki a kan gado mai taya. Idonki a rufe, amma kin riga kin juyo da kai wajen da nake tahowa. Kika buɗe ido da ƙyar kika ce, “Wace tuta?”

Na ce, “Fara.”

Kika ce, “To me kake yi a nan? Wawan tsoho. Na ce kada ka zo.”

Na ce na gani, har da layi biyu.

Kina faɗar haka hannunki yana riƙe da hannun rigata. Suna tura gadon ina bi a gefe, kina ta cewa in koma, kombu ba ya jira, wa zai yi shanya, ba ki saki ba. A ƙofar ɗakin tiyata sai da ma'aikaciya ta ɓamɓare yatsunki ɗaya bayan ɗaya.

Akwai talabijin a ɗakin jira. Ɗazu sun ba da hasashen mako, na ga bakin mutumin yana motsi, ban riƙe ko rana ɗaya ba. Gobe da asuba zan farka ban san abin da zan yi da kaina ba. Na tambaya ko za a bar ni in zauna a kujerar nan, an ce to, in dai zan cire takalman.

In kin farka kika musa, ki dubi hannun rigata na hagu, ba maɓalli. Ma'aikaciyar ta kawo min shi a 'yar takarda. Ta ce bayan an gama aikin, a cikin tafin hannunki suka same shi.

Ki huta. In kin ji sauƙi kya ɗinke min.

Ni ne mijinki, wanda yake nan,
Genzo