Ranar da Inna ta sake jin ƙamshi

Daga ƙanwarka Hadiza a Birnin Gwari zuwa ga yayana Idi a Gwanja.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikinka, yaya iyali, yaya zaman baƙunta? Mu nan sai godiya.

Yaya, zancen Inna ne ya sa na roƙi malam ya rubuta mini wannan. Ka tuna yadda take gane daddawarta ta nuna tun daga ƙofar gida, mu kuwa muna yara muna gudun warin? To, toshewar hancin da ka bar ta da ita ta ƙaru, har tsoka ta tsiro a ciki. Damina huɗu ba ta jin ƙamshin komai, da baki take numfashi, ga ciwon goshi kullum.

Watan jiya wani wanzami daga Kusasu ya cire tsokar. Ta zubar da jini har muka tsorata, sannan muka bi ta da surace. Ran da aka yi ruwan fari, ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Hadiza, ƙamshin ƙasa nake ji!" Sai ta sa na ɗauko tsohuwar rigarka daga adaka. Ta daɗe tana shinshinarta, sannan ta ce, "Hayaƙi kawai ya rage, ƙamshin Idi ya fita."

Wanzamin ya ce tsokar takan dawo. Don Allah ka biyo ayarin fatake na bana tun hancin yana buɗe.

Ka sa ta a addu'a, ka gaishe da matarka da yara. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.