Kamun Wutsiya

Litinin, 3 ga Maris
Gwiwa ta hana ni sakat. Tarkunan malamar nan mai binciken ɓeraye, ƙananan akwatunan ƙarfe masu ƙofa, dole a zaga su cikin ciyawa kafin rana ta gasa abin da ke ciki. A kama ɓera da rai, a auna shi, a aske masa ɗan gashi don shaida, a sake shi. A sake shi! Ni da na tsufa ina kashe su a gona, yau ni ke zuba musu gyaɗa.

Laraba, 5 ga Maris
Babban ɗana ya sake cewa: "Baba, ka zauna gida mana." In zauna in kori ƙuda? Shi da ya kyautar da kekena bai ko tambaye ni ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Malama ta ce wai in zazzage ɓera cikin jaka, in kama fatar ƙeyarsa. Na ce, "'Yata, tun ba a haife ki ba nake ɗaga su ta wutsiya." Ta ce, "Wancan kamun kisa ne, Baba." Bakinta kamar reza.

Asabar, 8 ga Maris
Na ɗaga wani ta wutsiya, ya yi juyi, fatar ta saɓule a hannuna kamar safa. Ya shige ƙaya yana jan jini. Malama ba ta yi faɗa ba, gara ma ta yi. A hankali ta ce in aka kuma, za ta nemi wani. Gida ke nan, tabarma da bango.

Lahadi, 9 ga Maris
Ba wanda ya leƙo ni.

Talata, 11 ga Maris
Na gwada nata kamun. Yatsu sun sandare, duk wanda na taɓa sai ya sulale. Ta tsaya da ma'auni tana kallon sama. Wannan haƙurin nata ma cin fuska ne.

Alhamis, 13 ga Maris
Wata macen ɓera mai ciki a tarkon gindin kurmi. Na kama ƙeya, ta waiwayo ta dasa mini haƙori a babban yatsa. Wutsiyar na nan tana lilo, kusa da ɗayan hannun. Ban taɓa ta ba. Jini na bin hannun riga har malama ta gama dubawa, na sauke ta bakin raminta.
Ta ce, "Sannu, Baba. Gobe ka fara da tarkunan gabas."
Har yanzu a ganina kamun nan nata na banza ne. Yatsan dai na ɗaure shi da kyau, kada ya hana ni riƙo da safe.