Rikoda ta cinye muryar Babanmu

Hajiya Hafiza, don girman Allah ki taimake ni, wallahi ko abinci ba na jin daɗinshi.

Ni 'yar wani ƙauye ce a wajen Sabuwa, amma yanzu muna zamne a Yankara tun da 'yan bindiga suka tashe mu. Su suka kashe Babanmu a hanyar gona, Allah ya jiƙan shi. Ko hotonshi ba mu da shi. Abin da ya rage kaset ne guda, wanda ya aiko ma Inna daga ci-rani a Legas, lokacin ba waya. Ciki yana gaida kowa da sunanshi, ya yi tari, ya yi dariya, ya ce kar a saida jar akuya. Har ni ya ambata, wai a shafa mashi kan jaririya. Ranar da muka gudu Inna ta bar tukwanenta, amma kaset ɗin nan yana ƙulle a bakin zanenta.

To kwanan baya muryar ta fara ja, kamar mai ciwo. Ni kuma kin san mu da waya, na ga bidiyo ana cewa a mayar da tsohon kaset memori. Na sayi memori mai arha a tire ranar kasuwa, na ɗauki kaset ɗin Inna ba ta sani ba, wai in ba ta mamaki. Na kai ma Harisu mai tura waƙoƙi. Ana tsakiyar ɗauka rikodarshi ta yi ƙurrr, ta tauna zaren, ya tsinke. Ya ce in kwantar da hankali, rabi ya shiga. Na zo gida memori ta ƙi buɗewa, ashe jabu ce. Na koma da gudu, ya ce ya goge na kwamfutarshi, wuri ya cika.

Na naɗe zaren da biro na mayar cikin kwallar da Inna ke ajiye shi. Sau biyu tana aike na sayen batirin rikodarta ina cewa babu. Zuciyata na ce mani in sayo kawai, ta saka da hannunta, ta ɗauka rikodarta ce ta cinye. Ko in liƙe shi da sufa gulu? Hajiya ya zan yi?

'Yarki mai kuka, Yankara

*

'Yata, Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri.

Niyyarki mai kyau ce, kaset da ya fara ja dama yana hanyar mutuwa. Kuskurenki ɗaukar kayan Inna ba izini, da dogara ga memori guda ta kan tire.

Kada sufa gulu ya taɓa zaren nan, kada kuma a sake saka shi a rikoda. Zaren da ya tsinke ana haɗa shi, abin da za a rasa 'yan kalmomin wurin da aka tauna ne. Ki nemi tsohon mai gyaran rediyo, a Funtua ba za a rasa ba. Ya fara gwada injinsa da wani kaset a gabanki. Idan naku ya tashi, ku ɗauka da waya biyu lokaci guda, ku saurara har ƙarshe kafin ku bar shagon, sannan ki tura wa 'yan'uwa a garuruwa daban-daban. Ita ma kwamfutar Harisu a nuna wa masani, wani lokaci abin da aka goge yana dawowa. Ban yi miki alkawari ba, amma akwai fata.

Dabarar batir kuwa, ki bar ta. Idan Inna ta zaci da hannunta ta kashe muryar mijinta, za ta ɗauki wannan nauyin har ƙarshen ranta, ke kuma kina kallo. Ki durƙusa ki faɗa mata gaskiya yau, in so samu ne da wata 'yar'uwarta a kusa. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi kwanaki ba ta kula ki ba. Ki jure. In za a je Funtua, ku tafi tare, kaset ɗin a hannunta.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya sa ku sake jin muryarsa.

Hajiya Hafiza