A Sallami Jikata Luba Daga Gasar Da Korona Ta Tsayar

Zuwa ga mai girma Shugaban kwamitin da ke shirya gasar ƙwallon ƙafa ta mata, da duk wanda ke zaune a kujerar da ke kusa da tasa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ina gaida iyali, da fatan wannan takarda ta same ku lafiya.

Ranka ya daɗe, shekara uku ke nan ina bin takarda falle ɗaya. Har yau ban samu wanda zai ce mini ga ta ba, ban kuma samu wanda zai dube ni ya ce babu ita in san inda na tsaya ba. Na gaji da zaman benci a bakin ofis. Shi ya sa na ce a buga wannan inda jama'a za su gani, ko wani a cikinku zai ji nauyi ya tanka.

Sunana Garba, baduku ne ni a Tsafe, rumfata na bakin tasha. Ban yi boko ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Maƙwabcina Malam Bulus, wanda ya yi aikin akawu a Gusau har ya yi ritaya, shi ke riƙe da alƙalami. Na ce masa ya rubuta yadda magana ta fito daga bakina. Ya so ya sassauta wasu wurare, na hana shi. Don haka in kun ga abin da bai yi muku daɗi ba, nawa ne, ba nasa ba.

Na farko, ku san wadda nake magana a kanta.

Lubabatu Sani, ana ce mata Luba, ɗiyar ɗana ce. Ubanta Sani ya rasu tana goye, a hannuna ta tashi. Tun tana ƙarama samarin gari ke kawo mini ƙwallo in ɗinke musu in ta fashe, ita kuma kafin in juya ta sure ta ta yi bayan rumfa. Da hagu take bugu. Ban san komai a harkar ba sai abin da takalmi ya gaya mini: na dama yakan kai wata uku lafiya lau, na hagu kuwa duk sati biyu sai na sa basilla. Wani koci da ke zaune a Damba ya ganta a wasan makarantu, ya biyo ta har rumfata, ya ce wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi ya kafa kulob na mata, masaukinsu na Bungudu, kuma sun samu shiga gasarku. Ya ce aiki ne sosai, kamar kowane aiki.

Kun san abin da mutanen unguwa suka ce, ba sai na maimaita ba. Akwai wanda ya daina kawo mini gyara har yau. Na ce musu yarinyar nan a gabana ta girma, na san tarbiyyar da na yi mata, kuma wanda bai ciyar da ita ba ba zai zaɓa mata sana'a ba. Da ƙafata na kai ta Bungudu. Na tafi da shaidu biyu, Malam Bulus da ƙanen mahaifiyarta, na damƙa ta hannun Alhaji a gabansu na ce amana ce. Mu a wurinmu, ko saniya ka ba makiyayi kiwo a gaban mutane, a gaban mutane yake maido maka ita.

Na biyu, laifina, don kada wani ya riga ni faɗa.

Shekarunta ba su kai ta sa hannu da kanta ba, sai aka ce ni zan dangwala. Sakataren kulob ya karanta takardar da Turanci, Malam Bulus ya juya mini ita da Hausa. An rubuta ranar farawa, an rubuta ranar gamawa. Nan na ce ban yarda ba. Ni mai aikin hannu ne. Ban taɓa ce wa mutum aikinka zai ƙare ran Laraba ba, sai dai in ce zai ƙare in na gama ɗinki. Na ji tsoron ranar ta cika ana tsakiyar gasa, a ce mata ta tattara kayanta ta koma gida, mutanen unguwa su samu abin dariya. Na ce a soke ranar, a rubuta cewa tana tare da su har sai an buga wasan ƙarshe na gasar wannan shekarar. Sakatare ya ce ba a haka. Malam Bulus ya ja ni gefe ya ce Garba ka bar ta yadda take. Na ce to in ba haka ba, mu koma Tsafe da yarinyata. Alhaji yana son 'yar wasan, ya ce a yi wa tsoho yadda yake so. Aka sake bugawa, na sa babban yatsana a tawada na dangwala, na fito ina jin na yi wayo.

Wannan wasan ƙarshen, ranka ya daɗe, shi ne ba a buga ba har yau.

Na uku, yadda aka tsaya.

Luba ta buga, kuma ta buga da kyau. Sau biyu na je Gusau kallo, na zauna can gefe da hulata, na ji mutanen da ban sani ba suna kiran sunanta da na ubanta. Saura wasa uku a gama sai ga korona. Suna shirin tafiya wasan waje aka kira koci a waya aka ce kowa ya koma gida, na sati biyu ne. Aka ce su bar kayan wasansu a masauki tunda yanzu za su dawo. Ba wanda ya kira ni. Ina zaune a rumfa, tasha ta yi tsit ba mota ba fasinja, sai ga ta bisa kabu-kabu daga Kwatarkwashi, da takunkumi a fuska da 'yar leda a hannu. Motar da ta ɗauko su nan ta sauke su don an sa shinge a gaba. Haka aka maido mini amanar da na bayar a gaban shaidu.

Ban yi fushi da cutar ba. Daga Allah take, ta rufe masallatai da majami'u da kasuwanni, balle filin ƙwallo. Sati biyu ya zama azumi, azumi ya zama damina. Da aka buɗe gari, kuka fara sabuwar gasa kamar waccan ba ta taɓa faruwa ba. Alhaji kuwa kulle ya taɓa kasuwarsa, ya ce ba zai iya ba, kulob ya watse. Wannan ma ban ga laifinsa ba. Abin da nake tambaya shi ne: waccan gasar da aka bari da wasa uku, an gama ta ne, ko an soke ta, ko tana nan tana jira? Ko gawa ce, ai ana yi mata sallah a rufe ta mutane su watse.

Na huɗu, yawon da aka sa ni.

Shekara ta zagayo, wani kulob daga wajen Kaduna ya nemi Luba. Suka ce ta kawo takardar sallama daga tsohon kulob ɗinta, shi ke nan. Na ce abu mai sauƙi.

Na je ofishin wakilinku a Gusau. Ya duba kwamfuta, ya ce sunanta na nan a ƙarƙashin kulob ɗin Bungudu, kuma yarjejeniyarta ba ta da ranar ƙarewa, ita gasar kuma abin da aka rubuta a gabanta shi ne an dakatar. Ya ce in kawo wasiƙa daga kulob mai hatimi. Na je Bungudu. Masaukin 'yan wasan ya zama rumbun masara, buhu har rufi. Alhaji ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini ruwa, ya ce Baba ai kai ka ce a rubuta haka. Na ce na sani. Ya rubuta wasiƙar, amma hatimi yana wurin sakatare, sakatare kuma ya bar garin, ba wanda ya san inda ya koma. Na kai wasiƙar haka nan. Wakilinku ya ce ba hatimi. Alhaji ya sa aka sassaƙa sabo, na sake kaiwa. Sai aka ce kulob ɗin da ba ya cikin rajista yanzu ba shi da bakin sallamar kowa, sai dai daga sama. Koci ya rubuta tasa, aka ce shi ma'aikaci ne, ba mai kulob ba. Malam Bulus ya rubuta muku can sama har sau uku, da sunana da yatsana a ƙasa. Ko ta cewa mun gani ba mu samu ba.

Wato kulob ɗin ya mutu har ba zai iya sakinta ba, amma yana da ran da zai riƙe ta. Ni ban yi makaranta ba, ku da kuka yi ku fahimtar da ni wannan.

Kun kuma san yadda hanyar Tsafe zuwa Gusau take a shekarun nan. Ba hanyar da dattijo zai riƙa bi don a ce masa oga ya fita, ka dawo jibi ba ce. Duk ranar da na shiga mota, rumfata a rufe take, Luba kuma tana bakin titi har sai ta ga na sauko. 'Yan Kaduna suka jira suka gaji, suka ɗauki wata.

Na biyar, kuma shi ne ya hana ni sukuni.

Luba ba ta daina ba. Kullum da sassafe tana filin firamare tana gudu ita kaɗai, tana buga ƙwallo a jikin bangon aji, kafin ɗalibai su zo. Daga nan ta zo rumfa ta taya ni ɗinki. Hannunta ya faɗa, har ta fi ni saurin ɗinke ƙwallo, kuma ba na son haka. Ban kai ta Bungudu na ɓata da rabin unguwa don ta dawo ta gaji basilla ba. Cikin waɗanda suka buga tare, wasu suna manyan kulob ana nuna su a waya, don takardarsu na da rana, ranar ta zo ta wuce suka kama gabansu. Ita kaɗai ce kakanta ya fi kowa dabara. Takan tsokane ni ta ce duk 'yan bayan da ta taɓa karawa da su a fili, babu wanda ya tare ta kamar ni. Tana faɗa tana dariya, ni ma in yi dariya, amma tawa dariyar ba ta kaiwa zuci.

Ƙafar ɗan wasa ba ta jira. Koci ya gaya mini shekarun da mace ke yi tana kan ganiyarta ba su da yawa, ga huɗu sun tafi a bangon firamare.

Bana wani kulob ya sake nemanta, kuma za a rufe rajista ƙarshen watan gobe. Ranar da na je Gusau na ƙarshe, wani mutum da ke yawo a bakin ofishin, ba ma'aikacinku ba ne, ya bi ni har titi. Ya ce Baba kana wahalar da kanka, a canza mata suna, a canza sunan uba, a rage shekaru, a shigar da ita a matsayin sabuwar 'yar wasa, kwana biyu an gama. Na ce masa abin da Malam Bulus ya ƙi rubutawa. Kuskuren da na yi shi ne da na dawo gida na ba Luba labari, ina tsammanin za ta taya ni tsaki. Ba ta taya ni ba. Bayan kwana biyu ta same ni ta ce Baba Tsoho, in ranar rufe rajista ta matso babu takarda, za ta je ta nemi mutumin.

Ranka ya daɗe, Sani bai bar gona ba, bai bar gida ba. Sunan nan da ke bin na yarinyar shi ne abin da ya rage nasa a duniya. Na ji shi a bakin mutane a filin Gusau, kuma da shi nake so ta koma fili, ba da na wani baƙon da aka ƙirƙiro a bakin titi ba. Amma da wane baki zan hana ta? Na riga na tsare ta sau ɗaya da taurin kaina. Ba ni da fuskar yi mata na biyu.

Don haka ga abin da nake roƙo, kuma ba alfarma ba ce.

Ku rubuta, da hatiminku, cewa gasar shekarar korona ta ƙare. Layi ɗaya ya isa. In ta ƙare, yarjejeniyar da na dangwala ta ƙare da ita, Luba ta fita.

In dokarku ba ta yarda da haka ba, ku da kuke sama ku ba ta takardar sallama da kanku, tunda wakilinku ya ce ku kaɗai ke da iko, da sunanta na gaskiya, Lubabatu Sani, kafin a rufe rajista.

In kuma kun ce gasar tana nan da ranta, to ku sa ranar wasa ukun nan, ku kira 'yan wasan, a buga a gama. Ni zan ɗinke ƙwallon.

In akwai hukunci a kan wanda ya sa aka canza takarda, ga ni, ni ne. A kira ni a yi mini. Yarinyar ba ta ce a soke rana ba, tana tsaye a bakin ƙofa lokacin tana roƙona da ido in yi shiru.

Allah ya ja zamaninku, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku, ya raya muku 'ya'yanku, kada ya sa makomar ɗayansu ta maƙale a aljihun teburin wani. Allah ya kiyaye mu da sake ganin irin waccan cuta.

Ba na neman a ba ni haƙuri, an ba ni har na ƙoshi. Mutum ɗaya nake nema, mai suna da kujera, ya ce e ko ya ce a'a, a rubuce, ya sa hannu. In a'a ce, ya faɗi dalili, in ji da kunnena, in san abin da zan gaya wa jikata. Rumfata na bakin tashar Tsafe, kowane direba ya san ta, ba na zuwa ko'ina. Ku amsa mini kafin ƙarshen watan gobe.

Wassalam.

Garba Baduku,
Bakin Tasha, Tsafe.