Ƙulli a Igiyar Awo

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, kafintan da ya sassaƙa wa kansa mazauni a ƙirjina ba tare da neman izini ba. Ina gaishe ka gaisuwar wadda kewa ta hana sukuni, da fatan jikin Baba da sauƙi.

Mun dawo makaranta lafiya daga ziyarar da muka kai birni. Ƙawayena sun dawo da jakunkuna cike da tsaraba, ni kuwa na dawo da nauyin da ba ya shiga jaka. Da ka kira na ce maka gajiya ce. Ba gajiya ba ce, masoyina. Bakina ne ya kasa, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka tuna yammacin nan a shagonku, ana yayyafi, ƙamshin sabon katako ya cika ko'ina? Ka janye ƙofofin da kake yi wa mutane ka nuna min allunan da ka ɓoye, ka ce na kantar littattafaina ne, wadda za ka kafa a ɗakinmu na gidanku. Sai ka yanko igiya daidai tsawonta ka naɗa min a hannu, wai in nuna wa ƙawayena girman son da ake min. Na ce kai jama'a, wasu zobe ake ba su, ni igiyar ɗaurin kaya! Baba na zaune a benci yana shafa katako da tafin hannu, tunda ido ya daina yi masa aiki, ya ce, "Riƙe ta da kyau, 'yata, yaron nan ba ya kuskuren awo." Tun daga ranar igiyar ba ta bar jakata ba, har birnin nan da ita na je.

Wayyo birnin nan! Na so in tsane shi saboda kai, wallahi na yi ƙoƙari. Hayaƙi, hon ɗin motoci, mutane na bangazar ka ba ko sannu. Ƙawata da muke kira Uwar Tsari, wadda ta shirya tafiyar, tun a tasha ta yanke cewa nan za ta zauna in mun gama karatu. Ɗaya ƙawar tamu Sarkin Barci kuwa ta ce ita ko'ina ne, in dai akwai katifa. Ni kuwa na san inda nawa ɗakin yake. Haka na zata.

Sai muka leƙa babban asibiti, muka roƙa aka shigar da mu ɗakin gwaje-gwaje. Na'urorin da muke zanawa a takarda don cin jarrabawa, ga su a gabana suna aiki! Shugabar wurin, wata dattijuwa mai kaifin ido, ta jefa min tambayoyi na amsa, ta ce in nemi gurbi da zarar sakamako ya fito. Gabana ya faɗi irin faɗuwar da yake yi idan na hango ka. Yaya zan ɓoye maka wannan, kai da kake karanta fuskata tun kafin in buɗe baki?

Yayan Uwar Tsari dillalin gidaje ne, shi ya zaga da mu ganin ɗakunan haya, mu dai wasa muka ɗauke shi. Wani ɗakin bangonsa na tsattsafo da ruwa, wani tagarsa na kallon bangon maƙwabta, muna ta sheƙa dariya. Na ƙarshen yana can ƙololuwar bene, matakalarsa ƙunci, sai da muka huta a hanya. Da ya buɗe ƙofa dariyata ta ɗauke. Haske ya malale a ƙasa kamar an zuba ruwa, tattabaru biyu a bakin taga, ga rufin asibitin can ana hangowa. Na ga kaina na dawo daga aiki ina cire takalmi a bakin ƙofar nan. Na ga inda zan ajiye buta. Na juya in ga inda kake zaune, ban gan ka ba.

Sai na zaro igiyarka na shimfiɗa a jikin bango mafi tsawo. Bangon ya ƙare, igiya ba ta ƙare ba, saura taƙi ɗaya tana lilo a hannuna. Ban san lokacin da na ninke ragowar a tafina ba, kamar hakan zai sa ta yi daidai. Sarkin Barci, wadda ko motar da muka hau ba ta iya tunawa, ita ce ta gan ni. Ta ce, "Ke, igiyar za ki rage ko mai igiyar?" Suka yi dariya. Ni kuwa na naɗe igiyar na mayar jaka, muka sauko.

Hasken raina, ruwan saman da ya sauka a busasshiyar gonata, kullum na tambaye ka ina za mu zauna sai ka ce duk inda nake so. Maganar nan daɗi gare ta, amma yau haushinta nake ji. Duk inda nake so? Baba fa? Shi da ya haddace shagon nan da hannu, ya san wurin kowace guduma, wa zai hau da shi matakalar nan? Wa zai zama idonsa in na ɗauke ka? Ni kuma in na dawo garinku, inda asibitin ko gwajin jini sai an tura wani gari, me zan yi da abin da na ƙone gashin idona ina karantawa? Tsorona kada wata rana in dubi kantar nan mai kyau in ji ina jin haushin hannun da ya ƙera ta. Tsorona kuma kada in ja ka birni, ka riƙa min murmushi alhali zuciyarka na kan bencin Baba.

Don Allah ka daina sauƙaƙa min. Ka yi fushi, ka yi gardama, ka ce ba za ka iya ba, ko ka ce ga dabara. Ni kaɗai nake ɗauke da tambayar nan, ta kuma yi min nauyi.

Ga igiyarka nan cikin ambulan. Na yi ƙulli daidai inda bangon ya ƙare. In kana ganin akwai hanyar da za mu bi, mu da Baba, ka sa zarto ka yanke allunan a kan ƙullin. In babu, ka kwance shi da hannunka ka mayar min da ita, zan gane, zan yi kukana, sannan in zauna in yi tunanin abin da zan iya bari. Abu ɗaya kawai nake roƙo, kada ka dawo min da ita da ƙullin a jiki ka ce duk yadda na gani.

Ko wace amsa ta zo, ba wanda zai sake naɗa min komai a hannun nan sai kai.

Taka, jiya da yau da duk abin da ya rage,
Mai littattafan da ba su san inda za su kwana ba.