Kalwarki ta Ƙarshe Ta Ɗauki Zafi, Inna

Zuwa ga mahaifiyata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ni ce 'yarki Rakiya nake rubuto miki daga Tunga. Na san ba za ki karanta ba, da kina raye ma sai dai a karanta miki. To amma tun safe bakina ya ƙi rufuwa, na gaya wa kowa a gidan nan har sun gaji da ni, ke kuwa da kika fi kowa cancantar ji ba kya nan. Masu karanta ni a waya su yi haƙuri, yau da Innata nake magana.

Inna, daddawa ta yi.

Kin san kalwar da kika bari a bayan ƙofar ɗakinki a Gwada. Ke kika kaɗo ɗorawar da kanki a bazarar ƙarshe, kika wanke, kika shanya, ciwo bai bar ki kin dafa ba. Ranar da aka raba kayanki kowa ya ɗauki zane ko kwano, ni na ce a bar mini kalwar. Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, ba ta so ba. Ta ce mai sabon rashi hannunta sanyi gare shi, daddawa ba ta kama mata, gara a ba wata mai sana'ar a kasuwa ta yi mana. Na ƙi. Ban ga yadda zan miƙa wa baƙuwa aikin hannunki na ƙarshe ba.

Na ɗiba na dafa yadda na ga kina yi. Wuni guda a kan wuta, na surfa, na wanke, na sake dafawa da kanwa, na tsane. Saboda taki ce, ban yarda in zuba ta a tsohon abu ba. Na fito da sabuwar silbar da ban taɓa amfani da ita ba, na rufe da farin mayafi wankakke, na ajiye a kan tayil a cikin ɗakina, inda ya fi ko'ina tsabta, fanka na kaɗawa. Bini-bini na ɗaga mayafin na leƙa. In na tuna ki na leƙa, kuma kin san ba na daɗewa ban tuna ki ba.

Ta lalace, Inna. Ta yi sanyi ƙalau, ta yi tsami, fumfuna ta hau ta. Na sake ɗiba na sake yi, haka dai. Abin da ya rage a buhun bai fi cikin ƙwarya ɗaya ba. Da labari ya kai wa Gwaggo sai ta aiko cewa ran kasuwar Gwada mai zuwa za ta turo a karɓe sauran, kafin in ƙarar da shi a bola. Na zauna a bakin famfo ina kankare silbar ina kuka, don na fara yarda cewa hannuna ne.

A nan Maman Godiya ta same ni. Ba ki san ta ba, bayan tafiyarki suka tare a ɗakin da ke kallon namu. 'Yar kudancin Kaduna ce, Kirista, tana koyar da kimiyya a sakandare, tana kuma haɗa sabulun ruwa ran Asabar. Ta ce ita ba ta iya daddawa ba, ci kawai ta sani, amma in nuna mata inda nake ajiyewa. Ta cire takalmi ta taka tayil ɗin, ta ɗaga kai ta dubi fanka, sai ta kwashe da dariya. Ta ce, "Maman Sadiya, hannunki firji ne? Ba hannunki ba ne, ɗakin nan ne yana shanye zafin."

Ta ja ni ƙofar ɗakinta ta kawo kofi biyu na roba da ruwa daga bokiti ɗaya. A na farko ta zuba sodar sabulunta ta juya da tsinke, ta ce in taɓa gefen kofin kawai, kar in kuskura in tsoma yatsa. Inna, zafi rau, babu wuta babu gawayi! A na biyu ta zuba farin takin zamani irin wanda Baba yake sa wa masara. Na taɓa na ji sanyi kamar ruwan randa da asuba. Na riƙa taɓa wannan ina taɓa wancan kamar ƙaramar yarinya, tana ta yi mini tsiya wai in biya kuɗin makaranta.

Ta ce haka abubuwa suke in suna sauyawa. Wasu fitar da zafi suke yi, wasu kuma zuƙe shi suke yi daga abin da ke kusa da su. Kalwa irin ta farkon ce. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne suke aiki a kanta har ta zama daddawa, aikin nasu yana fitar da zafi, kuma sai da ɗumin nan suke jin daɗin ci gaba. Silba tana miƙa wa tayil zafin, fanka tana kwashe saura, ni kuma ina ɗaga mayafi ina sallamar ɗan abin da ya taru.

Nan take na ga lungun ɗakin girkinki. Tsohuwar ƙwaryarki mai ɗinki, ganye a ƙasa ganye a sama, da tarin buhunan nan baƙaƙe da nake jin kunya in ƙawayena sun zo. Na tuna ranar da na kai hannu zan ɗaga ina ƙarama, kika buge mini shi da ludayi kika ce, "Bar ta, barci take yi." Ban taɓa tambayarki dalili ba, ke ma ba ki taɓa faɗa ba.

Na sayi ƙwarya wurin mai kawo mana nono. Maman Godiya ta yanko ganyen ayaba a bayan gida, Baban Sadiya ya samo buhunan algarara a kasuwa. Na dafa kalwarki ta ƙarshe da taka-tsantsan, don in wannan ta tafi babu wata. Na juye ta da zafinta, na lulluɓe, na ɗora a kan katako kusa da murhu. Maman Godiya ta ɗaure buhunan da igiya, irin ƙullin da ta ce ita kaɗai ta san kwance shi, ta kuma ce in ta kama ni kusa da wurin za ta haɗa ni da mijina.

Ban buɗe ba, Inna. Duk kwanakin nan na sha zuwa bakin ƙofar ɗakin girki in tsaya in koma. Yau bayan na idar da sallar asuba na kasa haƙura, na ce ai ɗora hannu ba buɗewa ba ne. Na ɗora tafina a kan buhun, murhu a mace tun jiya, garin ma an kwana ana ruwa, sai na ji ɗumi yana ratsowa kamar na dafa bayan mutum. Na fito tsakar gida da takalmi ƙafa ɗaya ina kiran Maman Godiya. Da muka kwance, tururi ya tashi, kalwar ta yi laushi tana yauƙi, warin nan naki ya cika gidan har mai ɗakin ƙarshe ya leƙo yana tambaya ko ɓera ne ya mutu. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na yau ba.

Na tambayi Maman Godiya a ina zafin nan yake ɓoye duk watannin da kalwar ta yi a buhu. Ta ce tun tana kan bishiya ta tara shi daga hasken rana, yana ajiye a cikinta har yau da ya samu hanyar fita. Wato zafin ranar da ya riƙa dukan bayanki a gindin ɗorawa shi ne na ji a tafina. Rabona da taɓa ki tun ranar da muka yi miki wanka, jikinki ya yi sanyi, sanyin nan kuma bai bar hannuna ba sai da safen nan.

Na daka na mulmula, tana kan faifai tana jiran rana. Ba sai Gwaggo ta turo kowa ba, ni zan je Gwada da kaina ran kasuwa, in kaɗa wa Baba miyar kuka da daddawar, in zuba wa Gwaggo nata a kwano in zauna in ga ta ci.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Allah ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya sa wahalar da kika sha a gaban wuta don ki ciyar da mu ta zama sanadin inuwa a gare ki ranar da babu wata inuwa. Allah ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

Taki har abada,
Rakiya, Maman Sadiya
Tunga, Minna